YARON DA YA ƘWACI WAYA: DUKA, KURKUKU, MARI KO SULHU?

  

A wannan ɓangare na garin Kaduna da ke arewa da kogi, daga Kawo zuwa Unguwar Shanu, daga Badarawa zuwa Kabala, har a gangara Tudun Wada da Rigasa, da wuya a sami unguwar da ba ta kuka da ƙwacen waya da 'yan sara-suka. Magariba na yi, mai waya sai ya cusa ta can cikin aljihu, uwa kuma hankalinta ba ya kwanciya har sai 'yarta ta dawo daga Islamiyyar dare. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda aka kama mai wannan aika-aika ya san abin da ya fi tayar da hankali a cikin al'amarin, wato shekarun wanda aka kama. Galibi yaro ne ɗan shekara sha biyar ko sha shida, ko gemu bai fara ba, kuma in aka bincika sai a tarar an san ubansa, an san gidansu, wataƙila ma sahu ɗaya ake tsayawa da yayansa a masallaci.

To, an kama shi. Ina za a kai shi? Wannan ita ce tambayar da ta wajaba a kan matasa musamman, domin su ne ke bin sa da gudu in an yi ihun ɓarawo, su ne ke sintiri da dare, kuma ƙaninsu ne ko sa'ansu.

ƘOFOFI UKU DA AKA SABA

Ƙofa ta farko ita ce ɗaukar doka a hannu. A rufe yaro da duka, mai gora ya sa, mai dutse ya sa, wanda bai san abin da ya faru ba ma ya zo ya sa nasa hannun. Wani lokaci a bar shi da karaya, wani lokaci a bar gawa, wal'iyazu billahi. Babu shaida, babu alƙali, babu wanda ya tambaye shi ko kalma ɗaya. Sau nawa aka gano daga baya cewa wanda aka kashe ba shi ne ɓarawon ba? Ko da kuwa shi ne, wace shari'a ce ta ce ran ɗan Adam shi ne kuɗin waya? Wanda ya sa hannu a irin wannan taron dangi ya fita gida da nufin kama ɓarawo, ya koma gida da alhakin jini a wuyansa. Yaron kuma in ya rayu, abin da ya koya shi ne gobe ya fito da wuƙa mafi tsawo.

Ƙofa ta biyu ita ce caji ofis, daga nan kotun majistare, daga nan gidan yari. A nan ne mutane da yawa ke ganin an yi daidai, tunda an bi hukuma. Amma a bi sawun yaron a gani. Ba shi da takardar haihuwa, saboda haka sau da yawa sai a rubuta masa shekarun da suka wuce nasa, ya shiga sahun manya. Ubansa ba shi da kuɗin lauya, ba shi da mai tsaya masa a beli. Alƙali ya ɗage shari'a, a sa shi a mota a kai shi babban gidan yarin da ke kan titin Independence, wanda tun zamanin Turawa yake nan. Shekara da shekaru ke nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke masu hukunci ba. Yaron da ya shiga saboda waya ɗaya sai ya kwana ya tashi tare da ɗan fashi da mai garkuwa da mutane, tabarma ɗaya, gabza ɗaya, hira ɗaya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ranar da zai fito, makarantarsa ta wuce shi, ubangidansa ya ɗauki wani yaron, unguwa na nuna shi da baki, ga shi kuma ya zo da sababbin abokai da sabon ilimi. Mai waya fa? Ya yi ta zaryar kotu da kuɗin motarsa har ya gaji ya bari. Bai sami wayarsa ba, bai sami kuɗinta ba, ko haƙuri ba wanda ya ba shi.

Akwai gidan Bostal can tsallaken kogi a kudancin gari, wanda aka buɗe a 1962 don horar da samari 'yan shekara 16 zuwa 21, a koya masu karatu da sana'a. Sai dai shekaru da dama gidaje uku kacal ke wannan aiki a ƙasar nan kaf, na Kaduna da na Ilori da na Abekuta. Gida uku ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200! Su kansu Turawan Ingila da suka ƙago tsarin, har ya ci sunan wani ƙauyensu, sun soke shi a ƙasarsu tun 1982.

Ƙofa ta uku ita ce gidan mari. Uban da ya rasa yadda zai yi da ɗansa, yana tsoron 'yan sanda, yana tsoron abin kunya, sai ya ɗauke shi da hannunsa ya kai inda aka ce ana gyaran kangararru, har ya riƙa biyan kuɗi duk wata. Mutanen Kaduna ba za su manta da ƙarshen watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala, suna ba da labarin yunwa da azaba da abin da baki ba zai iya faɗa ba. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai na Mando don iyayensu su zo su ɗauke su. Kafin watan Oktoba ya ƙare an buɗe wani gidan a Rigasar dai, an buɗe wasu a Daura da Katsina da Zariya. An rufe gidajen, kuma rufewar ta yi daidai. Amma buƙatar da ta sa iyaye kai 'ya'yansu can tana nan ba ta je ko'ina ba. Uban da ɗansa ke shan ƙwaya yana ɗauke kayan uwarsa yana sayarwa, yau ina zai nufa?

Ƙofofin nan uku abu ɗaya ya haɗa su. A cikinsu babu inda ake zaunar da yaro gaban wanda ya cuta, ya ji da kunnensa ɓarnar da ya yi, ya gyara ta da guminsa. Ana yi masa abu ne kawai, shi ba ya yin kome. Shi ya sa yake fitowa yana ganin kansa a matsayin wanda aka zalunta, ya manta sarai da wanda shi ya zalunta.

ƘOFA TA HUƊU TANA CIKIN DOKA

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwai ƙofa ta huɗu, kuma a rubuce take. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, a sashe na 209, ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe maganar yaron da bai kai shekara 18 ba ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba, in laifin ba babba ba ne, ta hanyar sa masa ido, da yi masa jagora, da mayar da abin da ya ɗauka, da biyan wanda aka yi wa ɓarna. Dokar ta ambaci buƙatar sasantawa, ta kuma ambaci abin da iyali ko makaranta za su iya yi a kan yaron. Ita wannan doka sai jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar walwala da kare yara a 2018, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. A 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta canza sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Wannan doka ta hana a haɗa yara da manya a tsare, ta kuma kafa ɓangare guda na hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, da zama ƙarƙashin sa ido, da zaman sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta, tun kafin a fara shari'a.

Ke nan dokoki ba su yi ƙaranci ba. Aiki da su ne babu. Duniya ta shaida haka ranar 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wadda a nan Kaduna ta kai ga sa dokar hana fita. Da yawansu yara ne da aka kwaso daga Arewa, sun yi kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita, aka kuma sa belin kowane ɗaya Naira miliyan 10. Da hotunan suka bazu, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su, aka miƙa na Kano ga Gwamna Abba Kabir Yusuf, na Kaduna ga Gwamna Uba Sani. An gode Allah da suka fito. Amma a duba yadda abin ya kasance: daga tuhumar da hukuncinta kisa ne, sai sallama gaba ɗaya. Wanda ba ruwansa, hanya ce kawai ta bi da shi, ya sha wata uku a banza. In kuma akwai wanda da gaske ya fasa shagon wani ko ya kwashi kayan jama'a, shi ma bai tsaya gaban kowa ya amsa ba. Da an yi aiki da abin da doka ta tanada tun makon farko, da an tace kowa an san matsayinsa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gwada wannan hanya. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a Kanada, samari biyu suka bugu suka yi ɓarna a wurare 22 cikin dare ɗaya, suka fasa tagogi, suka farke tayoyin motoci. Jami'in da ke sa masu ido ya ba alƙali shawara, alƙali ya yarda, aka sa su bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna faɗin su ne suka yi, suna jin abin da masu gida za su ce, sannan suka biya. A 1989 ƙasar Niyuzilan ta mai da zaman dangi ginshiƙin shari'ar yara, ta aro shi daga al'adar Mawori, 'yan asalin ƙasar. Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 2008. A 2010 kuma wasu masana a Amurka suka tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi yara sama da 7,000, suka ga cewa gurfanar da yaro gaban kotu bai rage komawarsa ga laifi ba, hasali ma waɗanda aka kauce da su daga kotu aka sa su cikin wani shiri na gyara sun fi shiryuwa.

TUN KAFIN SU, MUSULUNCI YA ZO DA ITA

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne aka kwaso. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya san ƙissar Safwanu ɗan Umayya (R.A.), wanda ya kwanta a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Safwanu ya kama shi ya kai shi gaban Manzon Allah (S.A.W.). Da aka yanke hukunci, sai Safwanu ya nuna ba haka ya nufa ba, ya ma bar masa mayafin sadaka. Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa cewa lokacin yin haka shi ne kafin ya kawo shi. A cikin littafin dai akwai labarin Zubairu ɗan Awwamu (R.A.), da ya gamu da wani mutum riƙe da ɓarawo zai kai shi gaban hukuma, ya tsaya ya nema masa sassauci tun a hanya, yana mai bayyana cewa in magana ta isa gaban shugaba to ceto ya haramta. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida, cewa akwai fili tsakanin kamu da kotu, kuma a cikin wannan fili afuwa da sulhu halal ne, abin so ne.

Akwai kuma hukuncin Sayyidina Umar (R.A.) a kan bayin Haɗibu, da suka saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da Umar ya lura cewa ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya janye haddi daga kansu, ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400, ya sa Haɗibu ya biya 800. A lura da abu biyu a nan. An bincika dalilin da ya kai su ga sata, an ɗora wa wanda ya yi sakaci nauyin sakacinsa. Sannan mai haƙƙi bai tafi hannu wofi ba.

Game da yaron da bai balaga ba kuwa, sananne ne cewa an ɗauke masa alƙalami, ba a tsai da haddi a kansa. Amma malaman fiƙihu ba su ce dukiyar da ya lalata ta tafi a banza ba, sun ce akwai lamuni, a biya mai ita. Wato addini ya raba tsakanin azabtar da yaro da ɗora masa nauyin abin da ya yi. Na farko an sassauta, na biyu yana nan daram. Haka nan ƙissar mutumin nan da ya kashe rai 99 ya cika na 100, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito: malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Tuba ba ta tsayuwa in majalisar da mutum ke zama ba ta canza ba.

YAYA ZA A YI SHI A UNGUWA?

A ɗauka an kama yaro da wayar wata baiwar Allah a bakin tashar Kawo, bai sari kowa ba, kuma wannan ne karonsa na farko. Abu na farko, a tsare shi daga duka, a sanar da 'yan sanda, domin sulhun da ake magana ba a bayan hukuma ake yin sa ba. Abu na biyu, a ji ta bakin mai waya. In ta yarda a zauna, sai a zauna a ƙofar gidan mai unguwa ko a harabar masallaci, da jami'in ɗan sanda, da uban yaron ko waliyyinsa, da liman, da wanda zai tsaya wa mai waya don kada a yi mata rufa-rufa. Yaron ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba tare da tsoratarwa ba. Ita kuma ta faɗa masa abin da ya jawo mata: wataƙila da wayar take karɓar kuɗin awarar da take sayarwa, wataƙila tun ranar ba ta iya fita ita kaɗai.

Daga nan sai a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. A mayar da waya, in ta salwanta a biya kuɗinta. Nan ne ake yawan kuskure, uba ya ciro kuɗi daga aljihu ya biya, yaro na tsaye yana kallo. Wannan sayen rufin asiri ne kawai. In uba ya biya don kada a ɓata wa mai haƙƙi lokaci, to ya zama bashi ne a kan yaron, ya biya shi da aikin hannunsa, mako-mako, a gaban shaidu. A ɗora masa aikin gayya na ƙayyadadden lokaci, kamar yashe kwalbati, ko gyaran maƙabarta, ko ɗebo ruwan alwala. A mayar da shi makaranta in akwai hali, a kuma damƙa shi hannun ubangida: mai walda ko kafinta a Panteka, tela a Kasuwar Barci, bakanike, mai gyaran waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Hannun da ya iya zare waya daga aljihu cikin ƙiftawar ido zai iya koyon kwance ta da ɗaura ta.

In akwai shaye-shaye a cikin lamarin, kuma galibi akwai, to wa'azi kaɗai ba zai isa ba, bulala kuma ba ta fitar da ƙwaya daga jini. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma masu sha suka koma wasu abubuwan. Wannan ciwo ne mai buƙatar likita, kuma Jihar Kaduna tana da hukuma ta musamman, KADSAMHSA, mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa. A sa zuwa wurin masu magani cikin sharuɗɗan yarjejeniya.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙin duka: a sami mutum ɗaya, mai suna, wanda zai tsaya wa yaron na tsawon wata shida ko shekara. Ya san inda yake kwana, ya san da wa yake yawo, ya leƙa wurin ubangidansa, ya kai rahoto ga mai unguwa da 'yan sanda. In yaro ya cika sharuɗɗa, a rufe magana, kada a sake goranta masa. In ya karya da gangan, fayil na nan, kotu na nan.

MASU CEWA WANNAN SHAGWAƁA CE

Akwai wanda zai ce, yaran nan kashe mutane suke yi a kan waya, sannan a ce a zauna da su a tabarma? Maganarsa tana da nauyi, domin akwai gidajen da aka yi zaman makoki saboda ƙwacen waya, kuma babu mai ikon ce wa uwar da aka kashe wa ɗa ta manta. Don haka a fayyace: wanda ya kashe rai, ko ya yi fyaɗe, ko ya sari mutum da makami, ko ya shiga garkuwa da mutane, wannan ba maganar zauren mai unguwa ba ce, ita kanta dokar ƙananan laifuffuka ta ambata. Amma mai barandamin yau, shekara uku da suka wuce ɗan sane ne a kasuwa, ko mai zare batirin mota. A lokacin ne aka yi masa dukan kawo wuƙa, ko aka jefa shi cikin manyan ɓarayi, ko aka kawar da kai don ana jin kunyar ubansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma duk wanda ya san halin samari ya san wanne ya fi masu nauyi. Ɗaurin wata shida, a wurin wasunsu, lambar girma ce, ya fito ana ce masa ya ga jiya ya ga yau. Amma ya durƙusa gaban matar da ya ƙwace wa waya, ubansa na zaune kai a sunkuye, ya yi wata da watanni yana bugun ƙarfe don ya biya, wannan babu wanda zai yi alfahari da shi a majalisa.

Haɗarin da ya fi kamata a ji tsoro daban ne. Na ɗaya, kada sulhu ya zama na 'ya'yan masu hali, ɗan talaka kuma a wuce da shi kurkuku. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi cewa irin wannan bambanci ne ya halaka al'ummomin da suka gabata. Na biyu, kada a matsa wa wanda aka cuta da sunan haƙuri, a taru a kansa har ya yafe ba da son ransa ba. Haƙƙinsa ne, in ya ce kotu yake so, kotu za a je. Na uku, kada a tilasta wa yaron da bai yi ba ya amsa laifi don kawai ya tsira daga ɗakin tsaro. Wanda ya ce bai yi ba, hujja ce za ta yi magana a gaban alƙali. Na huɗu, kada a yi gaggawar rataya wa mai tuba amana. A 2023 Kwamishinan 'Yan Sandan Kano, Muhammad Usaini Gumel, ya kira 'yan daba su ajiye makamai, da yawa suka amsa, kuma mutane suka yaba. Amma da aka ga wasu daga cikinsu sanye da kayan 'yan sandan sa-kai, sai surutu ya tashi a ko'ina. Karɓar tuba wajibi ne, amma amana a hankali ake gina ta. Na biyar, kada 'yan siyasa su shigo su mai da abin hanyar fitar da yaransu na jagaliya.

INA MASU TSAYAWA?

Doka ta buɗe ƙofa, addini ya kwaɗaitar, masu sana'a suna nan, masu unguwanni suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ce wa jami'in ɗan sanda, wannan yaro a ba ni shi, ni zan bi sawunsa. Jami'in da ya san babu mai bin sawun yaro ba zai yarda ya sake shi ba, domin gobe in yaron ya sake yi, shi za a tuhuma. Wannan gurbi kuwa na matasa ne. Dattijo ba zai iya bin yaro filin ƙwallo ba, bai san lungun da ake sayar da ƙwaya ba, bai san yaren da suke yi ba. Saurayin da ya girme shi da shekara biyar ko bakwai ya sani.

Matasan da suka iya shirya mu'utamar, suka iya tsare sahu ranar Idi, suka iya kwana a asibiti wurin jinyar wanda ba su sani ba, ba za su kāsa wannan ba. A kowane masallacin Juma'a a sami mutum biyar ko goma da za su je su gabatar da kansu ga mai unguwa da babban jami'in caji ofis na yankinsu, su nemi wani lauya ko jami'in walwalar jama'a ya karantar da su abin da dokar jiha ta tanada, su rubuta sunayen masu sana'ar da suka yarda su karɓi yaro. Kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya tak, kada ya haɗa biyu. In aka yi ihun ɓarawo kuma, su zama na farko da za su isa wurin, su kewaye shi da jikinsu har hukuma ta iso.

Aiki ne mai cin rai. Wani yaron zai gudu daga wurin ubangida a mako na biyu, wani zai saci kuɗin wanda ya tsaya masa, mutanen unguwa kuma za su ce ga masu ɗaure wa ɓarayi gindi. Amma an taɓa kawo wani mashayi gaban Manzon Allah (S.A.W.) ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har wani daga cikin mutane ya la'ance shi, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya kuma yi gargaɗi kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Hausawa. Yaron nan dai a unguwar nan zai tsufa, ko a matsayin mai walda da ake kai wa gyaran ƙofa, ko a matsayin wanda ake ƙara wa ƙofa sakata saboda shi.

Allah Ya shirya zuri'a, Ya mayar wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa, Ya ba matasa ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan nauyi.